Saitin Manhaja Da Mazaunanta Uku: Bayani Ga Hakimai Da Malamansu

An buga wannan ɗan littafi ne saboda Hakimai da malaman da ke riƙe musu littattafai, musamman waɗanda aka kawo wa ofisoshinsu aikin kwamfuta, ko kuwa ake shirin kawo musu. Ba a nufi a mai da Hakimi injiniya ba. Abin da aka nufa shi ne ya gane wani sashe guda na aikin, wanda ake kira saiti. Sashen nan ƙarami ne a ido, sau da yawa bai wuce layi ashirin ko talatin ba, amma ta nan ɓarna mai yawa takan ɓullo. Kuma in ta ɓullo, talakawa ba za su nemi ɗan kwangilar da ya yi aikin ba, tun da ba su san shi ba. Ƙofar Hakimi za su zo.

Da farko ya kamata a san cewa manhajar da malami ke buɗewa ta intanet don ya rubuta sunaye, ko ya fitar da takardar shaida, ko ya duba wanda ya biya kuɗin rumfa, ba a cikin kwamfutar da ke gabansa take zaune ba. Tana can cikin wata babbar na'ura da ake kira uwar garke, wadda mai yiwuwa tana Legas, ko ma a wata ƙasa. Kwamfutar ofis taga ce kawai da ake leƙa ta. Sunaye da lissafi kuwa suna cikin wani wuri dabam da ake kira rumbun bayanai, manhajar ce ke zuwa ta ɗebo, ta kuma zuba.

Mazauni uku

Kowane malamin Hakimi ya san yadda ake rubuta wasiƙar da za a aika wa Sarki. Yakan fara tsara ta a kan wata takarda da ba ta da muhimmanci, ya soke, ya gyara. Sa'an nan ya karanta wa Hakimi, a ji ko maganar ta tafi daidai. Bayan haka ne zai kwafe ta a takardar ofis, a sa hannu, a buga hatimi, a ba masinja. Maganar da aka karanta wa Hakimi ita ce wadda ta tafi fada, ba a ƙara ba a rage ba. Abin da ya bambanta shi ne takardar, da hatimin, da hannun da aka danƙa wa.

To, haka aikin manhaja yake. Akwai wurin da maginin manhaja yake rubuta ta, yawanci a kan kwamfutarsa, inda in abu ya lalace ba wanda ya yi hasara. A cikin wannan littafi za a kira shi mazaunin gini. Akwai wuri na biyu da aka shirya shi ya yi kama da na gaske ta kowace fuska, amma sunayen da ke ciki na ƙirƙira ne, kuɗin da ke ciki kuma na wasa. Nan ne malamai ke koyon aiki, nan ne kuma ake jarraba kowane gyara. Shi ne mazaunin gwaji. Na uku shi ne mazaunin aiki, inda sunan mutum sunansa ne, kuɗi kuma kuɗi ne. Manyan kamfanoni sukan ƙara wasu mazaunai a tsakani, amma ga ofishin gunduma ukun nan sun isa. Abin da bai isa ba shi ne a ce mazauni ɗaya ne kawai, ana aiki a cikinsa ana kuma gwaji a cikinsa, don a rage kuɗin hayar uwar garke.

Mene ne saiti?

Saiti shi ne duk abin da ke canzawa in an ɗauke manhaja daga wannan mazauni zuwa wancan. Manhajar ta san yadda za ta rubuta suna a rumbu, amma ba ta san wane rumbu ba sai an gaya mata, tare da kalmar sirrin da za ta faɗa kafin a buɗe mata. Ta san yadda za ta aika saƙo a waya, amma sai an gaya mata ko saƙon zai fita zuwa wayoyin mutane ne, ko kuwa zai tsaya a wani akwati da magini kaɗai ke dubawa. Haka kuma makullin karɓar kuɗi. Alal misali kamfanin Paystack, wanda aka kafa a 2015, kamfanin Stripe na Amurka kuma ya saye shi a 2020, yakan ba kowane mai hulɗa da shi makullai iri biyu. Na gwaji yana farawa da sk_test, na gaske kuma da sk_live. In aka sa na gwaji a mazaunin aiki, manhaja tana iya fitar da rasit alhali ba ko kwabo da ya shiga asusu. In kuwa aka sa na gaske a mazaunin gwaji, malami mai koyon aiki zai iya taɓa kuɗin mutane bai sani ba. Bambancin duka haruffa huɗu ne.

Akwai wani saiti da maginan manhaja ke kunnawa sa'ad da suke neman kuskure. A cikin Django, wanda yana ɗaya daga kayan gina manhaja da aka fi sani, sunansa DEBUG. In yana kunne, duk lokacin da manhaja ta yi tuntuɓe sai ta baje cikinta a kan allo, da sunayen fayiloli, da layukan da ta tsaya a kansu, da wani sashe na saitinta. Wannan taimako ne ga magini a ɗakinsa. A mazaunin aiki kuwa, kamar a bar taswirar gida ne a manne a ƙofar zaure, an nuna inda ɗakin ajiya yake. Masu Django da kansu sun yi gargaɗi da babbar murya kada a fita aiki da shi a kunne. Malami ba ya bukatar ilmin injiniya kafin ya gane wannan. In manhaja ta ƙi aiki, maimakon ɗan gajeren saƙon ban haƙuri sai ya ga dogon shafi cike da rubutun da bai san kansa ba, to, ya sanar nan da nan.

Har agogo ma saiti ne, kuma an cika mantawa da shi. Uwayen garke da yawa suna tafiya ne da agogon GMT, agogon Nijeriya da Nijar kuwa yana gaba da shi da awa ɗaya. Mutumin da ya biya kuɗi ta waya da ƙarfe 12:30 na daren da ya shiga 1 ga Janairu 2026, in ba a daidaita saitin ba, za a rubuta shi a ƙarfe 11:30 na daren 31 ga Disamba 2025. Watau kuɗinsa ya faɗa lissafin wata shekara. Mai binciken kuɗi in ya zo, malami zai tambaya, ba na'ura ba.

Babbar ƙa'ida

Ƙa'idar da dukan sauran suka rataya a kanta ita ce: manhaja ɗaya ce a dukan mazaunai, saiti ne kaɗai yake canzawa, kuma a waje da manhajar ake ajiye shi.

Dalili kuwa shi ne wannan. In aka rubuta adireshin rumbun gwaji a cikin jikin manhajar, to, ranar da za a kai ta mazaunin aiki dole magini ya buɗe ta ya bi layi layi yana canzawa da hannu. Rannan zai tuna da wuri tara ya manta da na goma. Ko da bai manta ba, abin da ya fita aiki ba shi ne abin da aka gwada ba, tun da an taɓa shi bayan gwaji. Kamar malami ne ya karanta wa Hakimi wasiƙa, Hakimi ya yarda, sa'an nan a hanyarsa ta zuwa wurin masinja ya tsaya ya yi 'yan gyare-gyare. Ko da niyyarsa mai kyau ce, wasiƙar da ta isa fada ba ita Hakimi ya ji ba.

Masu wannan sana'a sun bi hanyoyi dabam dabam kafin su kawo inda suke. A kayan aikin Microsoft an daɗe ana ajiye saiti a wani fayil mai suna web.config. A cikin Visual Studio na 2010 aka shigo da dabarar cewa magini ya rubuta fayil ɗaya na asali, sa'an nan ga kowane mazauni ya rubuta ɗan ƙaramin fayil mai cewa a canza layi kaza zuwa kaza, na'ura kuma ta yi canjin da kanta lokacin fitar da manhaja. Wannan ya rage kuskuren hannu ƙwarai. Aibinsa shi ne kowane mazauni sai an ɗaure masa nasa ƙunshin dabam, kuma kalmomin sirri sukan ƙare a cikin fayilolin da ke yawo tare da manhajar, duk wanda ya sami kwafi ya same su.

A 2011 Adam Wiggins, ɗaya daga waɗanda suka kafa kamfanin Heroku, ya fitar da wasu ƙa'idodi goma sha biyu na gina manhajar intanet, waɗanda aka sani da The Twelve-Factor App. Ta uku a cikinsu ita ce ta saiti. Abin da ta koyar shi ne a rubuta saiti a jikin mazaunin kansa, kowanne da sunansa, manhaja kuma in ta tashi ta tambayi mazaunin da ta sami kanta a ciki. Ƙunshi ɗaya ke nan za a ɗauka daga gwaji zuwa aiki ba a kwance shi ba. Ya kuma ba da wata ma'auni mai sauƙi wadda ko Hakimi zai iya tambaya da ita: shin da za a baje rubutun manhajar a kasuwa yau kowa ya karanta, akwai kalmar sirri ko makullin da zai fita? In amsar ita ce akwai, to, ba a raba saiti da manhaja ba tukuna.

Yanzu a ƙananan ayyuka an fi ajiye saitin a wani fayil da ake kira .env, wanda kowane mazauni yake da nasa, ba a kuma haɗa shi da rubutun manhaja in za a adana ko a aika. Manyan ma'aikatu kuwa suna da wata ma'ajiya ta musamman don makullai, kamar Vault wanda kamfanin HashiCorp ya fitar a 2015, wadda ke rubuta sunan duk wanda ya karɓi makulli da lokacin da ya karɓa. Kowace aka bi cikin biyun ta yi, muddin an tsare ƙa'idar.

Abin da ya faru ga waɗanda suka yi sakaci

Kada a ɗauka wannan tsoratarwa ce kawai. Manyan kamfanoni masu injiniyoyi ɗari ɗari sun faɗa wannan rami, kuma an rubuta yadda abin ya faru dalla-dalla, don haka ana iya koyo daga gare su ba tare da an biya abin da suka biya ba.

Wanda ya fi kowanne tsada cikin ɗan lokaci shi ne na kamfanin Knight Capital na Amurka, mai dillancin hannun jari a kasuwar New York. A ƙarshen Yulin 2012 aka shirya sabon gyara a manhajarsu, aka ba wani ma'aikaci ya sa shi a uwayen garke guda 8. Ya sa a 7, ɗaya ta kuɓuce masa, kuma ba a sa mutum na biyu ya duba aikinsa ba. Wannan kaɗai da bai kai ga halaka ba. Amma maginan sun ɗauki sunan wani tsohon saiti, wanda a dā yake kunna wani aiki da aka daina amfani da shi tun 2003, suka ba sabon aikin. Tsohon aikin kuwa ba a cire shi daga manhajar ba, yana nan kwance. Da aka buɗe kasuwa ran 1 ga Agusta 2012 aka kunna saitin, uwayen garke 7 suka fahimce shi da sabuwar ma'anarsa, ta takwas kuwa ta fahimce shi da tsohuwar, ta shiga saye da sayarwa ba tsayawa. Tun kafin a buɗe kasuwa na'urar ta aika saƙon imel 97 masu nuna akwai matsala, ba wanda ya ɗauke su a matsayin ƙararrawa. Da ma'aikata suka ga ɓarna, sai suka zaci sabon gyaran ne ke da laifi, suka cire shi daga guda 7 masu lafiya, abin ya ƙara muni, don yanzu duka sun koma ga tsohuwar ma'ana. Cikin minti 45 aka yi ciniki fiye da miliyan 4 a hannun jarin kamfanoni 154. Kamfanin ya ce ya yi hasarar dala miliyan 440, hukumar da ke kula da kasuwar hannun jari ta Amurka kuwa ta ce abin ya haura miliyan 460, ta kuma ci shi tarar dala miliyan 12 a Oktoban 2013. Bai sake tsayawa da ƙafafunsa ba, a 2013 ya haɗe da kamfanin Getco.

Abin lura a nan guda biyu ne. Suna ɗaya bai kamata ya ɗauki ma'ana biyu ba, kamar yadda ba a sake ba wani sabon mutum lambar da ke kan sunan wani a littafi. Kuma aikin da mutum ɗaya ya yi a mazaunin aiki, sai wani ya bi sawu. Na biyun nan ba sabon abu ba ne ga duk wanda ya taɓa ganin ana ƙirga kuɗi a Baitulmali.

Na GitLab kuwa, kamfanin da maginan manhaja ke ajiye rubutunsu a wurinsa, ya faru ne ran 31 ga Janairu 2017. Wani injiniya da ya daɗe yana aiki cikin dare ya so ya share rumbu na biyu, mai riƙe kwafi, don ya sake cika shi. Ashe tagar da yake rubutu a cikinta ta babban rumbun ce. Kafin ya farga ya tsayar, daga cikin kimanin gigabayit 300 saura kamar 4.5. Da aka juya ga kwafin ajiya sai aka tarar hanyoyin da aka dogara da su ba su aiki yadda aka zata. Abin da ya cece su shi ne wani kwafi da aka ɗauka awa 6 kafin nan aka kai mazaunin gwaji, aikin waɗannan awa 6 kuwa ya tafi ke nan. Cikin gyaran da suka yi bayan haka har da sa alama bayyananna a kan allo don mutum ya san a wane mazauni yake tsaye. Wannan gyara ne mai araha da kowane ofis zai iya nema: a sa mazaunin gwaji ya zama da launi dabam, da babban rubutu a samansa mai cewa GWAJI, wanda ko mai gyangyaɗi zai gani.

Akwai kuma na Hawaii, wanda ya fi kusa da aikin mai mulki. Ran 13 ga Janairu 2018, da ƙarfe 8:07 na safe, ana cikin atisaye a ofishin agajin gaggawa na jihar, sai saƙo ya fita zuwa wayoyin jama'a cewa makami mai linzami yana tafe, kowa ya nemi mafaka. Ma'aikacin da ya aika ya ce shi ya ɗauka abin gaske ne. Bincike ya nuna maɓallin gwaji da na gaske suna wuri ɗaya, sun kuma yi kama, ba a kuma bukatar yardar mutum na biyu. Sai bayan minti 38 aka aika saƙon gyara. Hakimin da ya taɓa ganin yadda jita-jita ke watsa kasuwa ya san abin da minti 38 ke nufi. Irin wannan a ƙaramin sikeli ya sami HBO Max a Yunin 2021, sa'ad da wani saƙon gwaji marar komai a ciki ya tafi ga masu hulɗa da kamfanin. Wannan dariya aka yi. Da saƙon kiran taro ne, ko na neman biyan bashi, da ba a yi dariya ba.

Makullai

Daga cikin saiti akwai wanda ko an gani ba komai, kamar agogo da sunan ofis. Akwai kuma wanda hukuncinsa hukuncin hatimi ne, watau kalmar sirrin rumbu da makullin kuɗi da makullin aika saƙo. Duk wanda ya riƙe su, na'ura za ta ɗauke shi a matsayin ofishin kansa, ba ta tambayar fuska.

A 2016 wasu ɓarayi suka shiga wurin da injiniyoyin Uber ke ajiye rubutun manhajarsu a GitHub, suka tsinci makullin ma'ajiyar kamfanin a rubuce a ciki. Da shi suka kwashe bayanan mutum miliyan 57, fasinjoji da direbobi. Kamfanin ya biya su dala 100,000 don su yi shiru, maganar ba ta fito ba sai Nuwamban 2017, a 2018 kuma ya yarda ya biya jihohin Amurka dala miliyan 148. Ba a fasa ƙofa ba, makulli aka bari a inda bai kamata ba.

Saboda haka makullan mazaunin aiki ba a aika su ta WhatsApp, ba a rubuta su a bayan kalanda, ba a kuma yin amfani da kalmar sirri ɗaya a gwaji da aiki. Na ƙarshen nan shi ne aka fi yi, don sauƙi. Amma mazaunin gwaji mutane da yawa ne ke shiga, har da masu koyo da yaran ɗan kwangila, in kalmar ɗaya ce to an raba musu makullin gidan gaske ke nan. Kuma asusun da aka buɗe a kamfanin karɓar kuɗi, da na hayar uwar garke, ya kamata su kasance da sunan hukuma, ba da sunan ɗan kwangila ba. In da sunansa suke, ranar da aka saɓa, ko ya yi tafiya, ko ta Allah ta kasance, ofis zai wayi gari yana haya a gidansa.

Haka nan kada a kwafi sunayen mutane na gaske a zuba a mazaunin gwaji don a ga yadda za su yi. Magina suna son yin haka, tun da ya fi ƙirƙiro sunaye sauƙi, kuma gaskiya ne gwajin ya fi kama da aiki. Amma tsaron mazaunin gwaji bai kai na aiki ba. Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya, wadda aka sa wa hannu a Yunin 2023, ba ta bambanta sunan da ya fita daga gwaji da wanda ya fita daga aiki ba, ta kuma wajabta a sanar da Hukumar Kare Bayanai cikin awa 72 in bayanan mutane sun fita ta hanyar da za ta iya cutar da su. In lalle sai an yi amfani da kwafin gaske, sai a fara canza sunaye da lambobin waya da wasu na bogi.

Abin da ke kan Hakimi da malaminsa

Hakimi ba zai taɓa saiti da hannunsa ba, bai ma kamata ba. Nasa shi ne tambaya. In ɗan kwangila ya zo ya ce, "Ranka ya daɗe, an gama, gobe za a fara aiki," sai a tambaye shi mazauni nawa ne, a kuma ce ya buɗe na gwaji a gani da ido. A tambaye shi ko abin da aka gwada shi ne za a fitar ba tare da an sake taɓa shi ba. A tambaye shi wa da wa ke riƙe da makullan aiki, a rubuta sunayensu. Daga ƙarshe a tambaye shi in abin ya lalace, ta yaya za a koma yadda ake jiya, kuma minti nawa zai ɗauka. Ma'aikaci na kirki zai ji daɗin waɗannan tambayoyi, don suna kare shi kamar yadda suke kare ofis. Wanda ya ce, "Allah ya ba ka nasara, wannan harkar injiniyoyi ce, a bar mana," a ƙara sa masa ido.

Ranar da aka fitar da sabon abu, malami ya yi aiki ɗaya ƙarami na gaske tun daga farko har ƙarshe kafin a buɗe wa jama'a. A biya ɗan kuɗi kaɗan, a je a duba ko ya shiga asusun hukuma, a duba kwanan wata da lokacin da ke kan rasit, a ga ko saƙo ya iso wayar da aka nufa. Kada kuma a yi canji ranar Jumma'a da yamma, ko jajiberen Salla, ko daren kasuwa, sa'ad da in abu ya lalace ba wanda za a samu.

Malami kuma ya buɗe littafi mai bango, ya sa masa suna Littafin Canjin Saiti. Duk lokacin da aka taɓa saitin mazaunin aiki sai a rubuta kwanan wata, da sunan saitin, da dalili, da wanda ya yi, da wanda ya duba, su duka biyu su sa hannu. Kalmar sirrin kanta ba a rubuta ta a ciki, sai dai a ce an canza ta. Wasu za su ce wannan koma-baya ne, ana zamanin kwamfuta a koma ga alƙalami, tun da na'ura ma tana riƙe tarihin abin da aka yi mata. Gaskiya ne tana riƙewa, amma a hannun ɗan kwangila tarihin yake, kuma ba ta rubuta dalili. Ranar da lissafi ya ƙi daidaita, tambayar farko ita ce me aka canza kuma yaushe, littafin nan ne zai amsa cikin minti biyu.

In aka yi wa malami canjin wurin aiki, ko kwangila ta ƙare, ko aka sallami wani daga cikin masu riƙe da makulli, karɓar makulli daga hannunsa bai wadatar ba, don irin wannan makulli ana iya riƙe shi a ka ko a waya bayan an mayar. Sai a sa a soke tsohon a fitar da sabo, a shigar da shi a saitin mazaunin aiki, a gwada a ga tsohon ya daina buɗewa, sa'an nan a rubuta a littafin, mai barin gado da mai karɓa su sa hannu a gaban Hakimi a ranar da ake miƙa sauran kayan ofis.